Yadda Ake Jera Ayyuka a Layin Masana'anta Don Kada Inji Ya Zauna Banza

Duk ɗan'uwan da aka ɗora wa kula da layi a warsha ko masana'anta a nan Saudiyya, ko ta alminiyom ce a kudancin Jidda, ko ta katako, ko ta ɗinkin jallabiya a Makka, ya san tambayar da ke jiransa kowace safiya: wane aiki za a fara ɗora wa inji, wanne zai biyo baya? Yawancinmu da ka muke amsa ta. A fara da wanda ya riga kawowa, ko wanda ya fi damun mutane da waya, ko wanda mudir, wato manaja, ya ce nasa ne. Idan kaya suka makara sai a ce injina sun yi kaɗan, a nemo sabo, ko a tsare ma'aikata har bayan Isha. Sau da yawa kuwa injinan sun isa. Jerin ne bai yi daidai ba, kuma gyaran jeri ba ya cin ko riyal ɗaya.

Dalilin da ya sa ka ba ya iya wannan aiki lissafi ne kawai. Ayyuka 5 ana iya jera su ta hanyoyi 120. Idan suka kai 10, hanyoyin sun zama 3,628,800. Idan suka kai 15, sun haura tiriliyan ɗaya. Babu mai kula da layin da zai gwada su duka, don haka tun shekarun 1950 masana lissafi suka fitar da ƙa'idoji da ke kai mutum ga jeri mai kyau ba tare da gwajin ba. Wasu daga cikinsu takarda da biro sun ishe ka, kuma da su za mu fara.

Fara da auna lokaci

Kafin komai, ka san tsawon lokacin da kowane aiki ke ci a kan kowane inji. Kada ka ɗauki abin da aka rubuta a takardar injin, kada kuma ka tambayi mai injin a gaban mudir, domin zai faɗi lokacin ranar da komai ya tafi daidai. Ka ajiye takarda a jikin kowane inji na tsawon mako biyu ko uku, a riƙa rubuta abu uku: lokacin da aka fara shirya inji, lokacin da aka fara aikin kansa, da lokacin da aka gama. Raba shiri da aiki yana da muhimmanci, za ka ga amfaninsa a gaba. Ka faɗa wa ma'aikata tun farko cewa ba don a kama wani da lalaci ake rubutun ba, in ba haka ba za su kawo maka alƙaluman da suke ganin kana so, kuma duk lissafin da aka gina a kansu zai rushe.

A cikin wannan rubutun ne za ka gano injin da ke riƙe layi, wato wanda kaya ke taruwa a gabansa kullum, na bayansa kuma suna jira. Ka sa masa alama. Awa ɗaya da ta ɓace a kansa ta ɓace wa masana'anta duka, amma awa ɗaya da aka rage a injin da dama yana zaman jira ba ta ƙara komai.

Rubuta awannin da kake da su da gaske

Nan ne zaman Saudiyya ya bambanta da abin da ke cikin manhajojin da aka ƙera a Turai. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ƙayyade awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan Ramadan kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin layinka ke nan yake raguwa, a daidai lokacin da masu ɗinki da masu kayan otal ke fama da odar Sallah da ta Umara. Dokar ta kuma hana ma'aikaci ya yi fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa ba don salla da abinci. Aikin ƙarin lokaci ana biyansa da ƙarin kashi 50 cikin 100 na ainihin albashi, shi ya sa tsare mutane da dare ba arha ba ne. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, wanda ya shafi lodi a fili da masu zuwa kafa ƙofofi da tagogi a wurin gini. Idan kana da odar Makka, ka tuna gab da Hajji ba a shiga garin sai da izini, saboda haka ranar da ya kamata ka gama ita ce ranar ƙarshe da motarka za ta iya shiga, ko da takardar yarjejeniya ta ba ka fiye da haka.

Lokacin Azahar da La'asar yana matsawa a cikin shekara. Ka duba ko injin yana iya ci gaba shi kaɗai, kamar tandar gasa fenti, ko sai da mutum a kansa. Idan yana iya tafiya shi kaɗai, ka shirya a ɗora masa dogon aiki dab da kiran salla.

Zaɓi buri ɗaya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake buƙatar ka zauna da mai masana'anta. Me ake so a wannan makon? A gama dukkan ayyuka da wuri? A rage zaman jiran da kowane aiki ke yi? Kada wani ya makara da yawa? Ko a rage yawan waɗanda za su makara? Waɗannan buri huɗu ne daban, kowanne da ƙa'idarsa, kuma jerin da ya dace da ɗaya yakan cutar da ɗaya. Wanda ya ce yana son dukkansu bai zaɓa ba tukuna. Ka sa shi ya zaɓa, ka rubuta.

Idan inji ɗaya ne

Mu ɗauka injin yanka ɗaya ne ke riƙe layi, ga ayyuka biyar na jira. Za mu ƙirga awanni daga safiyar Lahadi:

A: awa 6, ana so a awa ta 9
B: awa 2, ana so a awa ta 14
C: awa 8, ana so a awa ta 16
D: awa 3, ana so a awa ta 10
E: awa 5, ana so a awa ta 22

Idan aka bi su yadda suka zo, A zai fita a awa ta 6, B a ta 8, C a ta 16, D a ta 19, E a ta 24. D ya makara da awa 9, E da awa 2. Idan ka tara lokutan fitar ka raba biyar, matsakaicin zaman aiki a wurinka awa 14.6 ne.

Ƙa'ida ta farko ita ce gajere a gaba. Ka jera daga mafi ƙarancin lokaci zuwa mafi yawa: B, D, E, A, C. Za su fita a awa ta 2, 5, 10, 16 da 24, matsakaicin zama ya sauko zuwa 11.4. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin niƙa a gida ya san hikimar: idan mai buhu ya bar yarinya mai ɗan kwano ta riga shi, shi minti biyu ya ƙaru masa, ita kuwa an cire mata jiran rabin awa. W. E. Smith ya tabbatar da wannan a lissafi a 1956, kuma babu jerin da ya fi shi rage matsakaicin jira a inji ɗaya. Amfaninsa a aikace shi ne fili yana buɗewa, kaya rabi-da-rabi ba sa cika warsha, kuɗi na shigowa da wuri. Amma dubi abin da ya samu A da C: sun makara da awa 7 da awa 8. Wannan ƙa'ida ba ta duba alƙawari ko kaɗan.

Idan ayyukan ba darajarsu ɗaya ba, Smith ya ba da gyara. Ka ba kowane aiki nauyi, misali tarar da za a ci ka idan ya jima, ka raba nauyin da awanninsa, wanda ya fi yawan sakamako shi ne a gaba. Aiki mai nauyin riyal 600 da ke cin awa 6 ya ba da 100, mai nauyin riyal 400 da ke cin awa 2 ya ba da 200. Na biyun za a fara, duk da cewa na farkon ya fi kuɗi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce alƙawarin da ya fi kusa a gaba, wadda J. R. Jackson ya tabbatar a 1955. Jerin ya zama A, D, B, C, E, fitarsu a awa ta 6, 9, 11, 19 da 24. C ya makara da awa 3, E da awa 2. Har yanzu biyu ne suka makara, amma babu wanda ya wuce awa 3, kuma babu wani jeri da zai sa mafi munin makara ta gaza haka. Idan abokan cinikinka masu haƙurin ɗan jinkiri ne amma ba sa yafe dogon jinkiri, wannan ce taka.

Ta uku ta J. M. Moore ce, ta 1968, ga wanda ake cin sa tara a kan kowane aikin da ya makara, ko da minti goma ne ko da kwana biyu. Ka fara da jerin alƙawari na sama. Ka bi shi har ka iske aiki na farko da ya makara, a nan C ne. Sai ka duba shi da dukkan waɗanda ke gabansa, ka cire mafi tsawo a cikinsu ka kai shi ƙarshen layi. A misalinmu C ɗin ne da kansa mafi tsawo, amma ba kullum haka take ba, wani lokaci wanda bai makara ba ne ake cirewa. Saura A, D, B, E, suna fita a awa ta 6, 9, 11 da 16, duk a kan lokaci. C ya fita a ta 24, ya makara da awa 8, amma shi kaɗai. Idan ka bi wannan hanya, wajibi ne ka kira mai aikin C tun ranar Lahadi ka gaya masa gaskiya. Tun da ka riga ka san zai makara, ɓoye masa har ranar alƙawari cin amana ne.

Idan injina iri ɗaya ne da yawa

Wannan gajere ne. A ce teloli uku ne, ga ayyuka masu cin awa 7, 6, 5, 4, 3, 3 da 2, ana so a tashi da wuri. A nan dogo ake farawa da shi, duk wanda ya fara gamawa a miƙa masa mafi tsawon da ya rage. Na farko zai samu 7 da 3, na biyu 6 da 3 da 2, na uku 5 da 4. An gama a awa 11. R. L. Graham ya nuna a 1969 cewa wannan hanya ba ta taɓa wuce mafi kyawun jeri da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Bayan ka yi ta, ka ƙara dubawa da ido: idan na biyu da na uku suka yi musayar 6 da 5, kowa ya tashi da awa 10 cif.

Idan matakai biyu ne a jere

Nan ne ribar ta fi fitowa fili, don haka mu zauna a kai. Warshar ƙofofi da tagogi ce, kowane aiki sai an yanka sannan a haɗa. Ga odar mako, yadda ta shigo, lamba ta farko awannin yanka, ta biyu na haɗi:

Gida: 8 da 1
Masallaci: 7 da 6
Otal: 6 da 3
Shago: 4 da 7
Makaranta: 2 da 5

A bi su yadda suka zo. Masu haɗi za su zauna awa 8 suna jiran a gama yankan gida, su haɗa shi cikin awa ɗaya, su sake zama awa 6 kafin na masallaci ya iso a awa ta 15. Su gama shi a ta 21, otal a ta 24, su jira awa ɗaya, shago a ta 32, makaranta a ta 37. Aikinsu na awa 22 ne kawai, amma sun kai awa 37, sha biyar duk zama. Ga kuma abin takaicin: zaman a farkon mako yake, matsin kuma a ƙarshensa, lokacin da za a ce su tsaya aikin dare.

Selmer Johnson, masanin lissafi a cibiyar RAND ta Amurka, ya fitar da maganin wannan a 1954. Ka zana gurabe biyar a jere. Ka duba lambobin nan goma gaba ɗaya, ka nemo mafi ƙanƙanta. Idan a mataki na farko take, aikin ya shiga gurbin farko da babu kowa. Idan a mataki na biyu take, ya shiga gurbin ƙarshe da babu kowa. Ka soke aikin da lambobinsa biyu, ka sake nema.

Mafi ƙanƙanta ita ce 1, ta haɗin gida, saboda haka gida ya tafi gurbi na biyar. Sai 2, ta yankan makaranta, ta shiga gurbi na ɗaya. Sai 3, ta haɗin otal, gurbi na huɗu. Sai 4, ta yankan shago, gurbi na biyu. Masallaci ya ɗauki na uku da ya rage. Jerin: makaranta, shago, masallaci, otal, gida.

Yanzu lissafa. Ana gama yanka a awa ta 2, 6, 13, 19 da 27. Masu haɗi sun fara tun awa ta 2, sun gama makaranta a ta 7, shago a ta 14, masallaci a ta 20, otal a ta 23, sai gida daga ta 27 zuwa ta 28. An sauko daga 37 zuwa 28, an ceto awa 9, fiye da yinin aiki guda, da injinan nan da mutanen nan. Hikimar ba ɓoyayya ba ce: mai saurin yanka yana gaba don masu haɗi su samu abin yi da wuri, mai saurin haɗi yana baya don kada a daɗe bayan injin yanka ya yi shiru.

Akwai hanyar da za ka tabbatar wa kanka, da mudir, cewa ba za a iya fin haka ba. Jimlar yanka awa 27 ce, babu yadda za a yi da ita, kuma bayan yankan ƙarshe dole a yi haɗi aƙalla na awa ɗaya. Ashirin da takwas ke nan. Ka saba da yin wannan lissafi na iyakar ƙasa a kowane jeri, domin shi ke gaya maka lokacin da ya kamata ka daina neman gyara.

Sai dai ka lura da mai odar gida. Shi ya riga kowa zuwa, da an bi layi da ya karɓi kayansa a awa ta 9, yanzu sai ta 28. Idan alƙawarinsa ƙarshen mako ne, babu laifi. Idan gobe ne, to ka ɗaure aikinsa a gaba ka yi ƙa'idar a kan sauran huɗun, kana sane da abin da hakan zai ci. Ƙa'idar kuma tana aiki ne idan duk ayyukan na bin matakan biyu a tsari ɗaya, kayansu duk sun iso, kuma akwai wurin ajiye abin da aka yanka. Aikin da gilashinsa ke tashar jiragen ruwa ta Jidda ba a fito da shi ba, kada ka sa shi a lissafi.

Matakai uku zuwa sama

Da zarar an ƙara mataki na uku, kamar fenti, babu sauran gajeriyar ƙa'ida mai tabbacin mafi kyau. Garey da David Johnson (ba Selmer ba) da Sethi sun nuna a 1976 cewa matsalar na cikin ajin masu tsananin wuya, waɗanda ba a san hanyar warware su da sauri ba idan suka girma. Abin da ake yi shi ne neman jeri mai kyau ƙwarai. Hanyar da na fi ba da shawara ita ce ta Nawaz da Enscore da Ham ta 1983, wadda ake kira NEH, domin har yau tana cikin mafi inganci a hanyoyi masu sauƙi, kuma ana iya yin ta a takarda idan ayyukan ba su da yawa.

Ga ayyuka huɗu, da awannin yanka, haɗi da fenti: otal 5, 4, 6, masallaci 7, 3, 2, shago 2, 5, 3, makaranta 3, 2, 4. Ka tara na kowanne ka jera daga babba: otal 15, masallaci 12, shago 10, makaranta 9. Ɗauki biyun farko ka gwada su ta fuska biyu. Otal sannan masallaci ya ba da awa 17, akasin haka 22. Riƙe na farko, ba za ka sake juya su ba. Kawo shago ka gwada shi a gurabe uku: a gaba 19, a tsakiya 20, a ƙarshe 23. Ya zauna a gaba. Kawo makaranta ka gwada a gurabe huɗu: 22, 22, 23, 23. Biyu sun yi kunnen doki, sai ka duba wanda alƙawarinsa ya fi kusa tsakanin shago da makaranta ka sa shi farko. Duba iyakar ƙasa: jimlar yanka 17, mafi ƙarancin abin da ke biyo bayan yanka shi ne 3 da 2 na masallaci, jimla 22. Ka kai maƙura.

Dokar lissafin kowane gurbi ɗaya ce: aiki yana farawa a kan inji idan ya fito daga matakin baya kuma injin ya gama na gabansa, sai ka ɗauki wanda ya fi jinkiri cikin biyun ka ƙara awannin aikin. Ka zana sakamakon a allo, kowane inji da layinsa, kowane aiki da sandar da tsawonta ya yi daidai da lokacinsa. Wannan zanen Henry Gantt ne ya yaɗa shi a shekarun 1910, kuma giɓin da ke tsakanin sandunan shi ne zaman banzan da kake yaƙi da shi.

Lokacin shirya inji

Duk lissafin baya ya ɗauka cewa shiri ɗaya ne ko me ya gabata. A ɗakin fenti ba haka ba ne. Daga fari zuwa ruwan toka zuwa baƙi wanki kaɗan ne, amma daga baƙi zuwa fari sai an tsabtace komai. Ka yi jadawali na minti nawa ake ci daga kowane launi zuwa kowane launi, ka haɗa masu launi ɗaya, ka tafi daga mai haske zuwa mai duhu, babban wanki ya faɗo a ƙarshen dawam, wato lokacin tashi daga aiki. Haka masu ɗinki da canjin zare, haka masu yanka da canjin kauri. Ka sa iyaka dai, kada aikin da alƙawarinsa ya matso ya kwana yana jiran ɗan'uwansa mai launi ɗaya. Sannan ka rage shirin kansa ta hanyar da injiniyan Japan Shigeo Shingo ya koyar a aikinsa da Toyota: ka raba abin da sai inji ya tsaya ake yi da abin da za a iya yi yana tafiya. Nemo wuƙa, auna fenti, jawo kaya kusa, duk a gama su kafin injin ya tsaya.

Inda kwamfuta ke shigowa

Idan kowane aiki da tasa hanyar, wannan ya fara da walda wancan da yanka, takarda ta gaza. Wata matsala mai ayyuka 10 da injina 10 da Fisher da Thompson suka gabatar a 1963 sai a 1989 Carlier da Pinson suka wallafa tabbacin mafi kyawun amsarta, 930. Yau kwamfutar ofis na warware irinta cikin ɗan lokaci, amma hakan ya nuna maka girman abin.

Yawancin manhajojin jeri abu ɗaya suke yi a ciki: su fara da jeri mai kyau, su musanya ayyuka biyu, su lissafa, su riƙe idan ya fi. Matsalar ita ce a kai inda duk musaya ɗaya ke ɓata lissafi alhali akwai jeri mafi kyau can nesa. Hanyar da Kirkpatrick da abokan aikinsa a IBM suka fitar a 1983 tana karɓar jeri mafi muni jefi-jefi, musamman da farko, don a fita daga wannan tarko. Ta Fred Glover ta 1986 tana hana komawa ga musayar da aka yi kwanan nan. Ta John Holland ta 1975 tana riƙe jeri da yawa tana haɗa sassan masu kyau. Ba sai ka rubuta ko ɗaya da kanka ba. A Excel akwai Solver, yana ɗaukar abubuwan zaɓi har 200, kuma hanyarsa mai suna Evolutionary tana iya nemo jeri idan ka gina lissafin lokutan a jadawali ka sa sharaɗin kada lamba ta maimaitu. Idan abin ya fi haka, OR-Tools na Google kyauta ne, ɓangarensa na CP-SAT ya dace da wannan aiki, kuma yaron da ya iya Python, harshen rubuta manhaja, zai haɗa maka shi. Ka sa masa iyakar lokaci, misali minti biyar. Zai ba ka mafi kyawun da ya samu tare da iyakar ƙasa, ka ga tazarar da ta rage.

Idan wani kamfani ya zo sayar muku da manhaja, ka ba shi odar watan jiya da lokutan da ka auna, ka ce ya jera. Ka tambaye shi wane buri take bi cikin huɗun nan, ko tana karɓar awannin Ramadan, ko ta san shirin baƙi zuwa fari ya bambanta da na fari zuwa baƙi. Sai ka gwada amsarta da wadda ka samu ta NEH. Idan bambancin bai taka kara ya karya ba, kuɗin ya fi amfani a wani wuri.

Tafiyar da jerin

Ka yi jerin mako ranar Alhamis, ka kafe shi a bango inda kowa zai gani, da harshen da ma'aikatanka ke karantawa. Ka ɗaure kwana biyun farko, kada a taɓa su sai inji ya lalace, domin jerin da ake canzawa kowace awa ya fi rashin jeri wahalar da mutane. Kada ka cika injin da ke riƙe layi maƙil, ka bar masa ɗan giɓi kowace rana gwargwadon tsayawar da takardunka suka nuna yana yi. Idan kana bin gajere a gaba, ka sa dokar cewa duk aikin da ya wuce kwanaki kaza yana jira ya hau gaba, in ba haka ba ƙananan ayyuka za su yi ta shigowa suna danne babba.

Aikin gaggawa kuwa dole zai zo, kuma sau da yawa daga sama zai zo. Kada ka yi musu, kada kuma ka cusa shi a gaba haka kawai. Ka gwada shi a kowane gurbi bayan kwanakin da ka ɗaure, yadda ka yi wa makaranta a misalin NEH, ka rubuta a gefen kowane gurbi ranar da zai fita da sunan aikin da zai makara saboda shi da yawan awannin. Sai ka kai wa mudir takardar ya zaɓi gurbin da kansa, ya sa hannu, kai kuma ka kira waɗanda abin ya shafa a ranar.